Abin da na tsinta kan ma'adanan abincin ƙananan kifin salmon

To jama'a ga ɗan abin da na tattaro daga wata hira da aka yi kan ma'adanan da ƙananan kifin salmon na kiwo ke buƙata a abincinsu, maganar dai duk ta fi karkata kan zink ne. Tunda aka fara rage garin kifi, wato busasshen kifin da aka niƙa, a abincin ana cusa waken soya da sauran tsirrai, akwai wani sinadari fayitet a cikinsu da yake riƙe zink ɗin, kifin ya ci amma jikinsa bai samu ba, haka ma in kalsiyam da fosfaras na ƙashi suka yi yawa. Alamar ƙarancin zink da za ka gani ita ce yanar ido, ƙwayar idon ta yi fari fat, ga fiffike yana zaizayewa, girma kuma ya ragu. Shawara dai kar ka tsaya kan adadin zink da aka rubuta a buhu, a auna abin da ya shiga jikin kifin.

Seleniyam ma garin kifi ne babbar hanyarsa, in ka rage garin dole ka ƙara seleniyam ɗin, amma fa a hankali don tsakanin isa da guba ba nisa. Ƙarancin manganis yana lanƙwasa ƙashi, kifin ya fito gajere. Aidin kuwa an fi damuwa da shi lokacin da kifayen suke ruwan daɗi kafin a kai su teku, rashinsa maƙoƙo yake kawowa.

Ayan, wato sinadarin ƙarfe, shi ne ya ban mamaki gaskiya, ashe yawansa yana sa man abincin ya lalace ya kuma cinye bitamin C.