A-kori-kurata mai V8 ta fara shan mai fiye da ƙima, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman bakanikai da direbobi. Ina da babbar a-kori-kura 'yar Amurka, tokumbo, mai injin V8 (wato mai silinda takwas) na lita 5.7, da ita nake ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Birnin Kebbi. Na san irin wannan inji ba ya wasa da fetur; a ƙa'ida kilomita 6 zuwa 7 yake ci a lita ɗaya. To tawa yanzu da kyar take kai 4, ko babu kaya a baya. Tun cire tallafin mai a 2023 ribar duk a gidan mai take ƙarewa, wallahi abin ya dame ni.

An canza fulogi da matatar iska, an daidaita iskar tayoyi, ba ta sake zani ba. Da safe bakin salansa baƙi ƙirin, in ka shafa yatsa sai ya kwaso toka, ga warin ɗanyen fetur, fitilar gargaɗin matsalar inji kuma a kunne. Wani bakanike ya ce sensar salansa ce (na'urar da ke auna hayaƙin da inji ke fitarwa), wani ya ce nozul (abin da ke fesa fetur cikin inji) ke zubar da mai.

Wanne zan fara dubawa? Kuma manyan tayoyin da na saka don hanyar fadama suna iya jawo wannan? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.