Kalmar caparisoned ta hana ni barci, a taimaka

Ummi_Dala: Salam 'yan uwa, masu Turanci ku cece ni. Project nake rubutawa a kan Hawan Daushe, tunda UNESCO ta saka hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024 na ce ga abin rubutu, to malamin da ke duba ni ya soke decorated ɗin da na sa da jan biro ya rubuta caparisoned, ni kuma kalmar ta burge ni sai na bi na zuba ta ko'ina, dawakai, hakimai, 'yan lifida har 'yan bindiga. Yanzu ƙawata ta ce wai raini ne a faɗa wa mutum, ga shi na riga na ɗinke, kuɗin ma aro na yi wajen Yayata kuma mijinta bai sani ba. Litinin zan miƙa.

Malam Sabo: Ƙanwata, caparison mayafin ado ne da ake lulluɓa wa doki, irin wanda mahayan Turai na da ke sawa a gasar sukar mashi. Daga Faransanci ta shigo, su ma daga Sifaniyanci suka aro. A nan jalala ce da danginta. Doki ake faɗa wa, ko giwa, jaridun Indiya haka suke kiran giwayen bikin Thrissur Pooram na Kerala. Hakimi da rawani da alkyabba ki ce richly dressed. Ki warware ɗinkin nan kawai.

Baffa_Gwale: Malam a duba ƙamus, akwai ma'ana ta biyu, mutum cikin kayan alfarma. Ummi bar abinki.

Malam Sabo: Tana ciki, amma in external, wato malamin waje da zai duba project ɗin, ya ga caparisoned district heads ai doki zai fara hangowa. 'Yan bindiga kuma da ke tafe a ƙasa fa?

Maman Iman: Ke kin ma yi sa'a ana karanta naki, ni nawa sai da na kai turare gidan malamin da ke duba ni sannan ya sa hannu, ko shafin farko bai buɗe ba, har yau abin na ci min rai wallahi.

Ummi_Dala: Malam ai shi ya kawo kalmar ba ni ba, kuma hakimin a kan dokin yake, tare suke tafiya. Shafi nawa zan sake bugawa da wannan tsadar takardar?

Malam Sabo: A wace jimla ya rubuta ta? Ta doki ko ta hakimi?

Ummi_Dala: Ta doki ce, amma bai ce kar na sa a sauran ba.

Baffa_Gwale: Sa tipex a 'yan bindigan kawai.

Maman Iman: Tipex a project? Mu a sashenmu dawo da shi suke.