Neman shawara: maigidana malamin jami'a ne, ya rasu bai karɓi haƙƙoƙinsa ba, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya sha mini kai.

Allah ya yi wa maigidana rasuwa a ƙarshen watan Yunin 2025, makon jiya na fita takaba. Babban malami ne a wata jami'ar tarayya, ya kama aiki a 2008. Ya bar ni da yara huɗu, babbar tana aji biyu na babbar sakandare, autan ko firamare bai shiga ba. Mahaifiyarsa tana raye.

Shekaranjiya na daure na buɗe jakar da yake zuwa ofis da ita. Na tarar da takardun jarrabawar ɗalibai da bai gama dubawa ba, jan bironsa na maƙale a jiki, da wani ɗan littafi mai baƙin bango da ban taɓa sanin yana da shi ba. Bashi ne ya jera a ciki da hannunsa: buhun masara a wajen wane, kuɗin makarantar yara a wajen wane, maganin Hajiyarsa. Kusan duka na 2022 ne, lokacin dogon yajin aiki. Wasu ya ja musu layi, wasu bai ja ba.

Yanzu ga abin da ke gabana. An aiko takarda cewa mu shirya barin kwatas. 'Yan adashen ma'aikata sun ce akwai ragowar rancen da ya karɓa. Yayansa kuma yana so in miƙa masa duk takardun aiki, wai shi ne babba kuma shi aka rubuta a matsayin makusanci a fom ɗin aiki tun kafin a yi aurenmu. Da na tuntuɓi wani abokin aikinsa sai ya ce in kwantar da hankalina in jira ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta gama da gwamnati, komai zai fito tare. To in jira ne? In ba jira ba, wace ƙofa zan fara bugawa?

Wani tsohon ma'aikacin sashen kuɗi na jami'a, mai ritaya:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. 'Yata, kada ki jira. Abokin nasa da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma ya haɗa miki abubuwa biyu da ba hanyarsu ɗaya ba. Akwai kuɗin da ake jayayya a kansu tsakanin ƙungiya da gwamnati, akwai kuma waɗanda doka ta riga ta ba iyalan mamaci, ko ana yajin aiki ko ba a yi. Na biyun nan su za ki bi tun gobe.

Fara da asusun fanshonsa. Tunda a 2008 ya shigo, yana ƙarƙashin sabon tsarin da aka kawo a 2004. Da farko kashi 7.5 na albashi ake cire masa, gwamnati ta ƙara 7.5, sai dokar 2014 ta mayar da shi kashi 8 daga ma'aikaci, 10 daga mai ɗaukar aiki. Shekara goma sha bakwai ana tarawa ana juyawa, kuɗi ne masu kauri. Duba wayarsa ko takardar albashinsa, za ki ga sunan kamfanin fanshon da lambarsa. Ki je da kanki ki sanar da su rasuwar, ki nemi cikakken bayanin asusun tun daga watan farko, ki zauna ki bi shi wata-wata. A 2022 za ki ga giɓi, domin watan da ba a biya albashi ba babu abin da za a cire. In kin ga giɓi a watan da aka biya shi, ki sa alama ki kai sashen kuɗi a rubuce. Kamfanin ba zai saki kuɗin ba sai da takardar shaidar rasuwa da takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci, wadda ake nema a babbar kotun jiha. Ita ce mai cin lokaci, don haka ita za a fara nema. In kamfanin ya yi ta ja miki rai bayan kin cika sharuɗɗa, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ce ke sa musu ido, kuma tana karɓar koke.

Sai inshorar rai, wadda iyalai da yawa ba su ma san da ita ba. Dokar 2014 ɗin nan ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa kowane ma'aikaci inshorar da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, kuma in bai yi ba, biyan yana kansa. Ta ofishin rajistara ake bin ta. Ki tabbatar shugaban sashensa ya rubuta sanarwar rasuwa ta shiga fayil, don in ba ta shiga ba babu abin da zai motsa. In kin ga ana cire masa kuɗin asusun gidaje na ƙasa, kashi 2.5, shi ma ana mayar wa magada.

Kowace takarda kika kai, ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimi da kwanan wata a naki. Na yi shekara talatin a ofis, na ga fayil ya ɓata, ban taɓa ganin an musanta kwafi mai hatimi ba.

Wata malamar jami'a, 'yar ASUU:

'Yar'uwa, Allah ya ba ki haƙuri. Baba ya gama magana a kan na doka, bari in taɓa na jayayyar don ki san abin da marigayi ke bin gwamnati. Mun shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairun 2022, muka janye 14 ga Oktoba bayan kotun ma'aikata ta ba da umarnin komawa aji. Gwamnatin Buhari ta ce ba aiki ba biya, har albashin Oktoban ma rabi aka ba mu. Shugaba Tinubu ya amince a saki na wata huɗu a Oktoban 2023, ya shigo a Fabrairun 2024, saura wata uku da rabi. Wannan ragowar, da bashin ƙarin albashi na kashi 25 da 35, da kuɗaɗen adashe da na ƙungiya da aka cire daga albashi ba a miƙa ba, duk suna cikin buƙatun yajin gargaɗin da muka shiga ranar 13 ga Oktoban 2025.

Abin da nake ji miki shi ne wannan: mamaci ana cire sunansa daga jerin masu albashi, kuma an riga an sauya tsarin biyan tun da aka amince a fitar da jami'o'i daga IPPIS, tsarin biyan albashi na bai-ɗaya na gwamnatin tarayya, a Disambar 2023. Ranar da aka saki kuɗin, wanda ba ya cikin jerin sai an tuna da shi. Ki je wajen shugaban reshen ASUU na jami'arsu da takarda, da lambar ma'aikacinsa, ki nemi a sa shi cikin sunayen mamatan da ake bi wa haƙƙi. Ki kuma tambayi sakataren walwala abin da reshen ke ba iyalan mamba. Shekara da shekaru ana cire masa kuɗin ƙungiya, ba roƙo kika je ba.

Batun adashe kuma, kafin ki amince da adadin da suka faɗa, ki nemi lissafi a rubuce ki gwada da takardun albashinsa. Mai yiwuwa an cire masa wasu watannin ba su isa hannunsu ba. Kuma yana da ajiya a wajensu, a fara cire bashin daga ciki.

Wani uba:

Allah ya gafarta masa. Amma gaskiya ɗaya ce, yajin nan kowa ya cuta. Ɗana karatun shekara huɗu ya yi shida saboda na 2020 da na 2022. Ga shi su kansu malaman bashi ya bar su da shi. Me aka samu?

Malamar ta sake cewa:

Alhaji, zafin da ka ji gaskiya ne, mu ma 'ya'yanmu a gida suka zauna tare da naka. Amma yarjejeniyar 2009 tsakanin ƙungiya da gwamnati ce aka yi ta kafa kwamiti a kanta, daga na Babalakin zuwa na Munzali Jibril, na Nimi Briggs, har na Yayale Ahmed. Kuma asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, da ya gina ajujuwan da ɗanka ya zauna a ciki, asalinsa daga yarjejeniyar da ƙungiyar nan ta cim ma a 1992 ne. Mu bar wannan zuwa wani lokaci, baiwar Allah shawara take nema.

Wani malamin addini:

Malama, Allah ya sa ya huta. Littafin nan mai baƙin bango ki riƙe shi da kyau, ya yi muku babban gata da ya rubuta. Ba a raba gado sai an biya bashi, sannan wasiyya in akwai. Ki sa wani amintacce ya bi mutanen da ba a ja wa layi ba, wasu za su yafe, wasu za su jira. Sunan da aka rubuta a fom na makusanci ba ya mayar da mutum magaji. In marigayi ya bar ɗa namiji, ɗan'uwa ba ya gado. Ke kina da tumuni, mahaifiyarsa tana da sudusi, saura na 'ya'ya. Amma kada ki yi fito-na-fito da yayansa, uban 'ya'yanki ne shi ma. Ku zauna gaban Hajiya, a sa sunanki da nasa a takardar kotu, rabo kuma a kai gaban alƙali.

Wata da ta bi wannan hanya:

Ni shekara uku ke nan da rasuwar nawa. Kwatas kada ki tsorata ki kwashe kaya. Rubuta wa rajistara ta hannun shugaban sashensa ki nemi a ƙara miki lokaci zuwa ƙarshen zangon karatun yara, ki kai wa ƙungiya kwafi. Layin wayarsa kuma kada ki bari a rufe, ki riƙa sa masa kati, ta nan saƙon banki da na fansho ke shigowa. Duk wanda ya kira ya ce ki turo wani abu a fitar miki da kuɗi da wuri, kashe wayarki.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na duba wayar, na ga saƙon kamfanin fanshon da lambar. Muna da maza biyu a cikin yaran, Malam, kuma na kira Hajiya ta ce a zauna ranar Juma'a bayan la'asar. Litinin in sha Allahu zan je wajen shugaban sashen nasa, in miƙa masa takardun jarrabawar ɗaliban nan, in tambaye shi ko sanarwar rasuwar ta shiga fayil.