Ƙwayoyin azurfa na nano daga ɓawon koko suna dunƙulewa

Assalamu alaikum. A ɗakin gwajinmu nan Kumasi muna samar da ƙwayoyin azurfa na nano (ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu) ta amfani da ɓawon koko domin ɗora musu magani. Garin ɓawo giram 10 cikin tataccen ruwa mililita 100, digiri 60, minti 30, a tace. Sai a gauraya kashi ɗaya na ruwan da aka tace da kashi tara na ruwan gishirin azurfa (AgNO3) mai ƙarfin 1 mM. Ruwan yana komawa launin ruwan ƙasa, na'urar auna shan haske (UV-Vis) na nuna ƙololuwa wajen nanomita 430, alamar ƙwayoyin sun samu. Kwana biyu kacal, sai baƙar laka ta kwanta a gindin kwalba, ƙololuwar ta baje. Mun ɗaga pH (ma'aunin tsamin ruwa) zuwa 9, mun ɓoye daga haske, mun sa firiji, duk a banza. Gishirin fotasiyam na ɓawon nake zargi. Malamai, yaya ake cire shi ba tare da rasa sinadaran da ke lulluɓe ƙwayoyin ba?