Idan sabon katalis yana yoyon hayaƙi a mahaɗa

Wata hira ce ta taso kan motocin da aka sa wa katalis na kasuwa, wato na'urar tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi, sai salansa ta fara huci a wurin haɗi. Yawancin masu magana sun ɗora laifin kan fulanji, wato faifan ƙarfen da ake ɗaure bututu biyu da shi. Na kasuwa siriri ne, da ya sha zafi sai ya lanƙwashe, gaskit, wato abin da ake sawa tsakanin faifan biyu don toshe yoyo, ya kasa zama. Shawararsu a yanke shi, a yi waldar mai kauri, kamar milimita 10.

Wani mai walda ya ja kunne: zafin waldar ma yana karkatar da ƙarfe. A fara ɗaure fulanjin da abokinsa, a ɗiga walda nan da can, sannan a zagaye. Ni dai wannan ta fi kama mini hankali.

A sa gaskit sabo kawai, ban da gam, domin gam ƙonewa yake yi. A ɗaure noti bi da bi, a sake matsewa bayan injin ya yi zafi ya huce. Baƙin kunkunniya a gefen haɗin shi ke tona inda yoyon yake. In kuwa yoyon yana faruwa kafin hayaƙin ya isa sensa, wato na'urar da ke auna iskar oksijin a cikin hayaƙi, mota sai ta ƙara shan mai.