Zabbix ɗaya ke gadin saba 400, in ta faɗi wa zai sanar da mu?

Ɗan Garki: Assalamu alaikum. Muna da saba (manyan kwamfutocin da ke riƙe ayyukanmu) kusan 400 a ofishinmu na Garki da rassa shida, duk Zabbix ɗaya ke sa musu ido, wato manhajar da ke turo saƙo in wani abu ya lalace. Oga ya amince a sayi inji ɗaya tak bana. In kafa Zabbix ta biyu mai zaman ko-ta-kwana, tunda tsarin ya shigo tun sigar 6.0 a 2022, ko in fara yi wa PostgreSQL ɗin, wato rumbun bayanan Zabbix, kwafi a wani inji? Kuɗin ba zai ɗauki duka ba, kuma ba za mu bar Zabbix ba.

Injiniyan Wuse: Wa alaikumus salam. Ka koma Prometheus, wata manhajar sa ido ce. Ka tada guda biyu iri ɗaya, Alertmanager, mai tura saƙon gargaɗi, ya tace saƙon da ya maimaitu, ka huta.

Ɗan Garki: Malam, na ce ba za mu bar ta ba.

Baban Kubwa: Ɗan'uwa, ni abin ya ci ni. A tsohon wurin aikina sabar sa ido biyu gare mu, muna ta alfahari. Ashe rak ɗaya, UPS ɗaya. Daren wata Juma'a aka ɗauke wuta, janareto ya ƙi karɓa, batir ya ƙare, duka suka mutu tare. Wayata shiru har asuba, domin mai kukan shi ne ya fara mutuwa. Kwastomomi suka tashe mu. Da wuta ta dawo rumbun bayanan ya ƙi tashi, kwafin ƙarshe kuwa ya yi sati uku. Sau biyu na rubuta a raba layin wutar aka ce babu kuɗi, amma ni aka miƙa wa takardar tuhuma. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Maman Hanan: Allah ya kiyaye gaba, Baba. Ɗan Garki, ka fara da rumbun bayanai. Sabobin Zabbix biyun ta cikinsa suke sanin juna, kowacce na rubuta alamar tana raye duk daƙiƙa 5, in ta farko ta yi shiru minti ɗaya ta biyu ta karɓi aiki. Rumbun ya faɗi, duka sun zama hoto. Ka sa proksi, wato wakilin Zabbix mai tattaro bayanai, a kowane reshe, yana riƙe bayanai in layi ya yanke, amma ka ƙara masa lokaci, awa ɗaya ce a saitin asali. In da Patroni za ka yi, wato manhajar da ke miƙa wa kwafin rumbun jagoranci in na farkon ya faɗi, etcd uku kake buƙata, su ke riƙe bayanin wane ne jagora. Kwamfutoci ƙanana ma sun isa.

Injiniyan Wuse: Uku ɓarnar kuɗi ce, Hajiya. Biyu nake da su shekara biyu lafiya lau.

Maman Hanan: Da biyu, ɗaya ta faɗi babu rinjaye, babu mai zaɓen sabon jagora. Ka taɓa zare waya ka gwada?

Injiniyan Wuse: Saba nawa kika taɓa riƙewa?

Baban Kubwa: Wanda bai taɓa kwana a ɗakin saba ba ya saurara mata. Gaskiya ta faɗa.

Na Nyanya: Wato mai gadi ma sai an ɗaukar masa mai gadi, shi ma a saya masa kare 😂

Maman Hanan: Dariya kake, amma haka ake yi. Ƙaramar saba a waje, in ta daina jin Zabbix ta turo saƙo.

Na Nyanya: Mu hayar wuri muka yi wa irin wannan sabar a wata cibiyar bayanai nan Abuja, dubu 180 a wata.

Injiniyan Wuse: A ina? Ni dubu 400 aka ce min, ban da wuta. Gara saba ta haya a Turai.

Baban Kubwa: Ka manta 14 ga Maris 2024? Wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka yanke, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE. Mai gadinka na Turai, kayanka na Garki, me zai gani?

Na Nyanya: Ba sai an je teku ba. Masu aikin titi sun datse mana faiba sau biyu, layinmu na biyu ashe rami ɗaya suke bi. Ƙarfe biyun dare na fita, ko kuɗin mai ba a ba ni ba.

Baban Kubwa: Nan ka taɓo inda yake min ciwo. Ku ana biyanku alawus ɗin kiran dare? Mu shekara huɗu ko sisi.

Ɗan Garki: Jama'a, inji ɗayan fa? Ranar Litinin zan kai wa oga takarda.

Na Nyanya: Ka saka alawus ɗin a cikin takardar, don Allah.