Yini guda a Ninh Binh: wanda ya taɓa zuwa ya ba mu labari

Baban Ilham

Assalamu alaikum jama'a. Wurin aikinmu za su tura ni Hanoi, babban birnin Biyetnam, taron kwana huɗu a wata mai zuwa, kuma akwai rarar yini guda kafin jirgin dawowa. Da uwargida za mu tafi. Duk inda na leƙa abu ɗaya ake tallata mini: a ɗauke ka a bas da safe zuwa Ninh Binh, a kai ka tsohuwar fadar Hoa Lu, a saka ka a kwale-kwale, a hau dutse da yamma, a dawo da kai da dare. A hoto kam ba a cewa komai. Sai dai hoto ba ya faɗin zafin rana, ba ya faɗin inda mutum zai yi sallah ko abin da zai ci. Wanda ya taɓa zuwa ya ba mu labari tsakani da Allah. Ita uwargida ba ta taɓa shiga kwale-kwale ba, kuma gwiwa tana ɗan damun ta.

Ɗan Kantin Kwari

Wa alaikumus salam. Na je a 2023. Ina Gwanzu ina jiran a gama haɗa mini kaya aka ce sai bayan mako guda, abokin tafiyata ya ce maimakon mu zauna otal yana cinye mana jari gara mu tsallaka zuwa Hanoi mu ga gari.

Bakwai da rabi bas ta ɗauke mu a tsohuwar unguwar Hanoi. Ninh Binh tana kudu, nisan bai kai kilomita 100 ba, tafiyar awa biyu ce in an haɗa da tsayawar da suke yi a wani katafaren shago a hanya. Sun ce don a kama ruwa ne, amma sai ka ratsa ta tsakiyar kayan sayarwa kafin ka kai banɗakin. Na yi dariya, na ce a raina ashe ko'ina ɗan kasuwa ɗan kasuwa ne.

Mu Tam Coc aka kai mu. Ma'anar sunan "kogo uku", saboda kogin Ngo Dong yana ratsa gonakin shinkafa ya shige ta ƙarƙashin duwatsu har sau uku. Abin da ba zan manta ba shi ne matar da ta tuƙa mu. A haife ta haife ni. Kishingiɗa ta yi a bayan jirgin, ta ɗora tafukan ƙafafunta a kan itacen tuƙi guda biyu, hannu ɗaya riƙe da lema, ɗayan tana latsa waya, jirgin kuwa yana tafiya ɗoɗar ko kaucewa babu. Da ƙafa suke tuƙi a can, malam.

To ga inda gizo ke saƙa. Daidai inda ake juyowa, bayan kogo na uku, wasu mata ne a nasu jiragen cike da lemo da ayaba da abarba. Za su kewaye ka, su nuna mai tuƙinka su ce ta gaji, ka saya mata abin sha. Na saya. Ba ta buɗe ba, ajiyewa ta yi a gefe, kuma zuciyata ta ba ni cewa komawa zai yi wurin mai shi a raba riba. A hanyar dawowa ita ma ta buɗe akwati ta fito da ƙyallaye masu surfani. Ban ji haushi ba, neman na kai ne, amma ka shirya. Kuma ka lura da kuɗinsu, dong: takardar 20,000 da ta 500,000 duk shuɗi-shuɗi ne. Saura ƙiris na miƙa babbar a matsayin tukwici.

'Yar Yawuri

Yaya Baban Ilham, tun da da anti za ku tafi, ka dubi takardar tafiyar da kyau kafin ka biya. Jirgin ruwan iri biyu ne, wasu Tam Coc suke kai mutane, wasu Trang An, kuma ba ɗaya ba ne. Ni Trang An na je da ƙawayena lokacin hutun makaranta daga Malesiya.

A bakin kogin Neja na tashi, ban ɗauki kwale-kwale a bakin komai ba, har ina yi wa ƙawayen nawa tsiya. Amma wannan daban ne. Ruwan a kwance yake kamar a kwano, babu igiya babu injin, garau har kana hango ciyawar da ke ƙasa tana rausaya. Mutum huɗu ake sakawa a jirgi, kowa da rigar ruwa, ba mai tashi da kai sai ka saka. Wallahi sai da na tuna jiragenmu na ranar kasuwa, mutum da buhu da babur da akuya duk a ciki, raina ya ɓaci na ɗan lokaci.

Duwatsun a tsaye suke cak daga cikin ruwa, kore shar har sama. Irin dutsen da ake siminti da shi ne, ruwa ya yi dubban shekaru yana cinye shi ta ciki, shi ya sa ko'ina kogo. Sai ka ga jirgi ya nufi jikin dutse kai tsaye, kana cewa ina za mu, ashe akwai wata 'yar ƙofa baƙa a ƙasa. Ana shiga sai sanyi ya buge ka, hayaniya ta ɗauke, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa da motsin itacen tuƙi. A wasu wuraren rufin ya sauko sosai. Mai tuƙinmu ba ta jin Turanci, in ta buga gefen jirgin sau biyu mun san a sunkuya ke nan. Ƙawata mai tsayi ta tsaya ɗaukar hoto, dutse ya tafi da malfarta. Muna fitowa ta ɗaya gefen sai ga wani tafki kewaye da duwatsu, da ɗan ƙaramin haikali a tsakiyar ruwa. An tsaya da mu a irin waɗannan wurare har sau biyu, an sauka an miƙe ƙafa.

Kusan awa uku ake yi a kan ruwa, a kan benci marar majingina. Anti ta tafi da abin da za ta shimfiɗa, kuma ta zaga kafin a shiga. Lokacin da muka je dong 250,000 ne kowane mutum, amma in ta kamfani kuka bi yana cikin kuɗin da kuka biya. Ba wanda ya tare mu da talla a kan ruwa. Akwai ƙananan itacen tuƙi a cikin jirgin, da muka ga baiwar Allah ta jiƙe da gumi muka ɗauka muka taya ta, ta yi ta dariyar yadda ƙawayena ke yi, ni kuwa ta ɗaga mini babban yatsa. UNESCO ta saka wurin cikin kayan tarihin duniya a 2014, kuma a nan aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin Kong: Skull Island, jagoranmu ya faɗa ya fi sau biyar.

Malamin Tarihi

Ni abin da ya kai ni Hoa Lu ne, kuma a nan ne aka fi cutata. Minti arba'in aka ba mu, rabinsu sun tafi wajen jiran masu hoto a bakin ƙofa.

Wurin shi ne babban birnin ƙasar daga 968 zuwa 1010. Dinh Bo Linh ya murƙushe sarakunan yaƙi goma sha biyu da suka raba ƙasar a tsakaninsu, ya kafa fada a nan saboda duwatsun sun zame masa ganuwa. Labarin da suke bayarwa shi ne yana yaro makiyayin ɓauna ne, yana tara yara su yi wasan yaƙi da tutar furen kyauro. An kashe shi a 979, shugaban rundunarsa Le Hoan ya hau mulki, ya auri matar marigayin, ya kuma kori rundunar Sin ta daular Song a 981. A 1010 sarki Ly Thai To ya mayar da fada Thang Long, wato Hanoi ta yau. Fadar asali ta rushe. Abin da za ka gani haikali biyu ne da aka sake ginawa a ƙarni na 17, ɗaya na Dinh ɗaya na Le, ginin katako mai ja da ruwan zinariya, ciki duhu-duhu, hayaƙin turaren tsinke ya turnuƙe. A gaban mutum-mutumin sarki na ga an jera lemon kwalba da biskit da takardun kuɗi. Wani dattijo ya shigo, ya haɗa tafukansa ya sunkuya sau uku, ya fita ba ruwansa da mu.

In ba ka san labarin ba, za ka ga ɗakuna biyu ne kawai ka ce an ɓata maka lokaci. Ka karanta kafin ka je.

Alhajin Damagaram

Ni ban shiga ba. Na tsaya a farfajiya gindin wata bishiya har suka fito. Wurin da ake sunkuya wa gunki ba wurina ba ne.

Malamin Tarihi

Allah ya ƙara girma, Alhaji, kowa da inda zuciyarsa ta natsu. Ni na shiga a matsayin mai kallo, ban sunkuya ba, da aka miƙo mini turare na ɗora hannu a ƙirji na girgiza kai, ba kuma wanda ya matsa mini. Sharaɗinsu dai a rufe kafaɗa da gwiwa, wanda mu bai shafe mu ba. Turawan cikinmu ne aka ba aron zani.

Alhajin Damagaram

Amin, malam. Bari in yi maganar da ta fi wannan, wato ciki. Abincin da garin ya yi suna da shi naman akuya ne da ƙanzon shinkafa. Da na ji haka na ce to mun zo gida. Sai na tambayi jagora wa ya yanka akuyar, ya tsaya yana kallona. Ƙanzon kuwa soyayye ne rau-rau, amma sau da yawa ana barbaɗa masa wani abu sak dambun nama, kuma na alade ne. Ka kiyaye.

Wani abin dariya: kalmar da suke nufin ƙanzo da ita, da wadda suke nufin abinci marar nama, duk "com chay" za ka ga an rubuta in ba a saka 'yan alamomin sama ba. Karin murya ne ya raba su, kamar kukan yaro da kukar miya. Na faɗa da nawa karin, aka kawo mini wanda ban nema ba. Ka sa jagora ya faɗa da bakinsa. Ni dai farar shinkafa da ganye da ƙwai na ci, sai dabino da ƙuli-ƙulin da Hajiya ta cusa mini a jaka ina ta mita.

Sallah kuwa na haɗa azahar da la'asar a bayan gidan abincin, kan ɗan ƙaramin darduma. Ka tuna can alƙibla yamma take, ta ɗan karkata arewa. Sabo ya sa na fara juyawa gabas, waya ce ta gyara ni. Masallaci sai Hanoi, akwai Al-Noor a titin Hang Luoc cikin tsohuwar unguwa, kuma za ka samu gidajen abincin halal na Indiyawa ba nisa.

Uwar Biyu

Baban Ilham, batun gwiwar maman Ilham ne ya sa na saka baki. Dutsen da ake hawa da yamma shi ne Hang Mua, matakala kusan 500. Daga ƙasa na hango su sun yi zigizag a jikin dutse, na ce wannan ai ba komai, ni da na sha hawa Dala. Ashe hangen Dala ba shiga birni ba ne. Matakalan ba tsayinsu ɗaya ba, wata taƙi, wata sai ka ɗaga ƙafa har kusan ƙugu, ga dutsen ya sha tafin ƙafa ya yi santsi. A watan Yuni muka je, zafin can mai ɗanshi ne, gumi ba ya bushewa. Na zauna ya fi sau shida, wata tsohuwa mai silifas ta wuce ni tana murmushi.

A sama hanya ta rabu biyu, ɗaya zuwa wata 'yar hasumiya, ɗaya zuwa ƙololuwa inda suka gina dodon maciji a kwance a kan tsinin dutse. Can na bi. Da na leƙa ƙasa sai ga kogin Tam Coc ya miƙe a tsakiyar gonaki, shinkafa ta nuna ta yi rawaya, jiragen kamar an watsa ƙwayar gyaɗa. Na manta da ciwon ƙafa na minti biyar. Sannan jagora ya fara ɗaga tuta daga ƙasa wai bas za ta tashi. Saukowar ta fi hawan wahalar da gwiwa, kwana uku ina takawa kamar mai jego.

Kada ta hau. A gindin dutsen akwai tafkin furanni irin badonmu, da gadar katako a tsakiya da wuraren zama a inuwa. Ta zauna ta jira ka. Kai ma ka cire babbar riga, ka sa takalmi mai kama ƙasa, kada kuma ka bi yaran da ke hawa jikin macijin don hoto, duwatsun wurin kaifi gare su.

Ɗan Kantin Kwari

Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni a tsakiya na tsaya, na ɗauki hoto ta yadda ba a gane ba a sama nake ba.

'Yar Yawuri

Ƙarin bayani, Yaya: in ka ga takardar da ta haɗa har da Bai Dinh, katafaren wurin ibadar mabiya Buddha, ya zama wuri huɗu ke nan a yini guda, ka bar ta. Bai Dinh kamar gari ne guda saboda girma, sai an ɗauke ka a motar lantarki daga wurin ajiye motoci, mutum-mutumin dutse 500 ne a jere a barandarsa. Wasu da muka haɗu da su a otal sun bi irin wannan, suka ce ba abin da suka riƙe sai shiga bas da fita bas.

Baban Ilham

Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Na karanta wa uwargida, ta ce ita dai Trang An, kuma dutsen ko da kuɗi ba ta hawa. Yanzu muna tunanin ɗaukar mota tamu da direba mu bar Hanoi bayan asuba, don mu riga bas-bas ɗin isa bakin ruwa. Ƙanwata 'Yar Yawuri, jirgin na mutum huɗu ne kika ce, in mu biyu ne kaɗai haɗa mu za a yi da baƙi ko za mu iya biyan kujerun da suka rage? Alhaji kuma, kilishi zai wuce a filin jirginsu ko in tsaya a dabino?